Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamitin Da Ke Zaɓa Mana Littattafai

Zuwa ga Malam Shugaba, da Hajiya Sakatariya, da sauran iyayena da yayyena na kwamitin zaɓen littattafai a zauren karatunmu na ma'aikatan laburare da masu harkar ɗab'i.

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ku lafiya, ku da iyalinku. Na san ba tarbiyyarmu ba ce ƙarami ya ɗaga murya a gaban manya; in yana da magana sai ya bari a watse, ya ja babba gefe. Na yi hakan, ranka ya daɗe, har sau biyu, bara da bana, kuma amsar duk ɗaya ce: "Za a duba." To ga jerin littattafan baɗi ya fito, na duba, na ga ba a duba ba. Shi ya sa na rubuto a fili, don maganar ba tawa ce ni kaɗai ba. Akwai masu yin ta ƙasa-ƙasa a bakin ƙofa, lokacin da aka tashi kowa yana laluben takalminsa. Gyara kayanka kuwa bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Littattafai goma sha biyu ne, kowane wata ɗaya. Tara a Ingila ko Amurka aka buga su, akasarinsu da tambarin wata lambar yabo a bango. Biyu na 'yan ƙasarmu ne, da Turanci. Na Hausa ɗaya tak, Magana Jari Ce, shi ma an kai shi can watan Disamba, lokacin da rabin zauren ke kan hanyar biki ko hutun ƙarshen shekara. Ba ni da abin faɗa a kan littafin Abubakar Imam sai alheri, da shi na koyi son karatu, har gobe in aiki ya gundure ni nakan buɗe shi. Amma tsakanin 1937 da 1939 aka buga shi, kuma babu wani a cikinmu da bai sha shi tun yana ɗan makaranta ba. A ɗauko shi, shi kaɗai, a ce ya wakilci Hausa shekara guda cur, fitar kunya ce kawai, kamar a ce tun da Imam ya ajiye alƙalami ba wanda ya sake ɗauka.

Da a ce mu taron abokai ne da ke haɗuwa don shayi da hira, da ban ɓata tawadata ba, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma ku dubi masu zama a kujerun nan ranar Asabar ɗin ƙarshen wata. Akwai wadda ke rubuta abin da laburarenta zai saya in an saki kuɗi. Akwai editan da rubuce-rubucen matasa ke jibge a teburinsa, shi ke cewa wannan a buga, wancan a mayar wa mai shi. Akwai mai maɗaba'a, akwai dillalin da ke kai kaya Sabon Gari da Kurmi, akwai malaman da ake kira in za a tsayar da littattafan jarrabawa. Abin da muka karanta tare shi ke zuwa bakinmu ranar da aka ce mana "me za a sayo?" Wanda ba mu karanta ba kuwa, ko sunansa ba zai faɗo mana ba. Jerin nan da kuke rubutawa a zama ɗaya, a kan kantocin da 'ya'yan talakawa ke tsayawa gabansu yake ƙarewa.

Ni a sashen katalogi nake, amma in abokin aikina ya tafi salla nakan riƙe masa teburin karɓar baƙi. Wata rana da azahar wata yarinya ta shigo da hijabin makaranta, ba za ta wuce aji biyar na sakandare ba. Ta yi ta zagaya kantoci tana shafa bayan littattafai da yatsa, can ta zo ta rusuna ta gaishe ni, ta ce, "Anti, don Allah ina kuke ajiye na Hausa?" Na kai ta gaban lamba 893.72, inda tsarin Dewey ya ajiye adabinmu. Rabin kanta ne, shi ma bai cika ba: littattafan jarrabawar shekarun baya, kwafi biyar-biyar, wasu ko buɗe su ba a taɓa yi ba, sai wani kundin waƙoƙi da gara ta fara ci daga gindi. Ta lissafo mini marubuta mata uku da take nema. Biyu ban taɓa jin sunansu ba. Ta dube ni, ba kallon raini ba, kallon mamaki, irin wanda za ka yi wa mahaucin da ya ce bai san tozo ba. Ta yi godiya ta juya, tun kafin ta kai ƙofa ta ciro waya daga jaka. Ban sake ganinta ba. A wannan watan kuwa ina tsakiyar wani littafi mai shafi ɗari biyar da kwamiti ya zaɓa mana, labarin wani gida a ƙasar da ake dusar ƙanƙara. Littafin ya yi daɗi, na kuma ƙaru da shi, amma ranar nan na koma gida ina jin kamar na ci albashin banza.

Kun fi ni sanin cewa adabin bokonmu, tun fil azal, zaɓen mutane ƙalilan ne ke ɗora shi a kan hanya. A 1933 Rupert East na Hukumar Talifi da ke Zariya ya bi manyan garuruwan Arewa yana kwaɗaitar da malamai su rubuta labari da boko. Aka yi gasa, aka fitar da Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Shaihu Umar, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Su biyar ɗin nan har yau su ake koya wa ɗalibai a matsayin tushe, waɗanda ba su tsallake teburin masu zaɓe ba kuwa babu mai ambatonsu. Haka aka yi ta tafiya: hukumar adabi ta Jihar Arewa, NORLA, a shekarun 1950, kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya daga 1966, gasar da ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed a 1980, da ta ma'aikatar al'adu ta tarayya da ta fito da su Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa a 1982. Kullum wasu 'yan mutane ne a ɗaki, da takardu a gabansu, suna cewa wannan ya shiga, wancan ya tsaya.

Inda nake so mu tsaya mu yi wa kanmu hisabi shi ne abin da ya biyo baya. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, musamman bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka tattara suka koma kan littattafan makaranta, inda kasuwa ke da tabbas. Matasa ba su jira su ba. Suka riƙa rubutawa, su tara kuɗi, su kai ƙananan maɗaba'u, su ɗauko a kwali su kai kasuwa da kansu. Su Talatu Wada Ahmed, da Balaraba Ramat Yakubu, da Ado Ahmad Gidan Dabino, da Bilkisu Funtuwa, da ƙungiyoyi irin su Raina Kama, waɗanda kan buga sunayen littattafan juna a ciki don talla. 'Yan haya, masu ba da hayar littattafai, suka buɗe shaguna a lungu-lungu, littafi ɗaya ya zagaye gidan amare goma har bangonsa ya koma kamar tsumma. Mata da yawa da aka cire daga makaranta aka yi musu aure, da waɗannan littattafan suka riƙe karatunsu na boko, wasu ma saboda su suka koya. Aka laƙaba musu suna Adabin Kasuwar Kano, malamai suka shafe shekarun 1990 suna cacar baki a jaridu kan ko adabi ne ko shirme.

Mu fa, ma'aikatan laburare, me muka yi? Muka naɗe hannu. Hujjarmu ba ta da wuyar samu: ba lambar shaidar littafi ta ISBN, sau da yawa ba shekarar bugu, ba sunan maɗaba'a, takarda ce ta jarida an danne ta da ƙusar ƙarfe biyu a tsakiya, sannan labari ɗaya a raba shi na ɗaya, na biyu, na uku. Mai katalogi in ya gan su sai ya ji kansa na sarawa. Na sani, don ni ma na taɓa tura kwalinsu ƙarƙashin tebur na ce sai na samu lokaci. Dokar 1970 ta ce duk mai buga littafi ya kai kwafi uku Babban Laburaren Ƙasa, amma matashin da ya ci bashi ya buga littafinsa bai ma san da dokar ba, mu da muka sani ba mu je mun gaya masa ba. Sai a 2004 Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka fitar da kundin sunayen waɗannan littattafai na tsakanin 1987 da 2002, a Jamus aka buga shi, ya kuma dogara ne da tarin da aka yi a makarantar SOAS ta Landan. Yau ɗalibin da ke son ganin bugun farko na wani littafin soyayya na wancan zamani, sau da yawa ya fi masa sauƙi ya same shi a Landan, ko a akwatin wani malami da ya yi ta tarawa da kuɗin aljihunsa, a kan ya same shi a laburaren garinsu. Da aka tara littattafan hikaya aka cinna musu wuta a bainar jama'a a Kano a 2007, ƙarƙashin shirin gyaran ɗabi'u na gwamnatin jihar, A Daidaita Sahu, da yawanmu mun yi Allah wadai a bayan fage. Amma in za a auna abin da wutar nan ta ci a yini ɗaya da abin da ƙyaliyarmu ta bari ya salwanta cikin shekara ashirin, ban san wa zai fi jin kunya ba. Ko fassarar Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu zuwa Turanci, wadda Aliyu Kamal ya yi, wani kamfani ne a Indiya ya buga ta a 2012. Daga can suka hango abin da ke ƙofar gidanmu.

Abin da ya hana ni barci shi ne, ga shi muna maimaitawa da idonmu biyu. Marubutan da yarinyar nan ta lissafo mini, da na bincika, ba su taɓa buga ko shafi ɗaya a takarda ba. A Wattpad suke, da ArewaBooks, da zaurukan WhatsApp inda mai karatu ke tura kuɗi a saka ta, kullum a sako shafi ɗaya ana jira kamar ruwan bazara. Wasu kuma a rediyo da YouTube ake karanta su, mata na aikin gida suna saurare. Takardar jarida ko ba komai tana iya kwana shekara talatin a ƙasan akwatin wata tsohuwa. Wannan kuwa, waya ɗaya ta faɗa rijiya, ko manhaja ɗaya ta rufe, shi ke nan. Mun ga yadda OkadaBooks ya rufe a ƙarshen 2023, marubutan Hausa da dama na da kaya a kai. Tun 2016 BBC Hausa ke shirya gasar Hikayata ta mata zalla, kowace shekara ana jin sababbin sunaye, amma ban tuna ranar da zaurenmu ya ɗauko ko labari ɗaya daga ciki ya zauna a kansa ba.

Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jin ta: ba su da inganci. Ranka ya daɗe, a kan wasu gaskiyarka ne, kuma ba zan yi musu don neman suna ba. Akwai waɗanda ƙa'idar rubutu ba ta taɓa ratsa ta kusa da su ba, a raba "yana" gida biyu, a haɗe abin da ya kamata a raba, a watsar da ƙugiyoyin haruffa har mai karatu ya rasa ko ƙafa ake nufi ko kafa, ɓari ake nufi ko bari. Akwai labarin da zai ƙare a shafi sittin amma a ja shi kamar ƙaro don kuɗi su ci gaba da shigowa. Akwai kuma na batsa tsagwaronta, waɗanda ba zan bar 'yata ta gani ba, ba kuma zan sa su a kanta ba. To amma ta yaya zan ware tsakuwa daga shinkafa ban sa hannu a tire ba? A cikin tarin nan akwai masu kunnen jin yadda mata ke magana a tsakar gida, da masu rubutu kan sakin wawa, da rabon gado, da shaye-shayen matasa, da zaman sansanin gudun hijira, da ƙarfin halin da ban gani ba a littattafan da ake ba wa lambar yabo a taro. Ma'aikacin laburaren da ya ce wa uwa "duk ba su da kyau", da wanda ya ce mata "duk ba komai", ba su da bambanci: dukkansu ba su karanta ba.

Sannan in rubutun ya lalace, wa ke da alhakin gyara? Editocin ƙasar nan rabinsu a zaurenmu suke zaune. Zan so in ga ranar da za mu ɗauko babi uku na wata matashiya da dubbai ke bi a waya, da izininta, mu baje a tebur, kowane edita ya zaro jan bironsa ya nuna mana inda zai taɓa da inda zai bari, mu yi gardama a kai. Na tabbata za mu fi ƙaruwa da wannan zaman a kan zama uku na jinjina wa littafin da manyan jaridun duniya suka riga suka gama yabo, wanda ba abin da ya rage mana sai gyaɗa kai.

Bari in taɓo wadda ta fi ciwo. Littafin watan Yuni da ya wuce babu shi a kantin littattafai ko ɗaya a garin nan. Wanda ya yi odarsa daga waje, da kuɗin jirgi da canjin dala, ya biya abin da ya kusa kai cefanen gidana na mako biyu. Ana saura kwana goma zama sai ga PDF ɗinsa ya faɗo zaurenmu na WhatsApp, an rubuta a ƙasa "don amfanin 'yan uwa". Ba wanda ya ce uffan, kowa ya sauke abinsa, har da ni. Ranar zama na waiwaya na ga wani dattijo mai kamfanin ɗab'i, wanda a watan da ya gabata ya kusa yin hawaye yana ba mu labarin yadda masu satar fasaha suka cika kasuwa da jabun littafinsa na firamare, ya gyara tabarau yana karanta kwafin sata a wayarsa. Ban ga laifinsa fiye da nawa ba, laifi tudu ne. Amma kwamiti ne ya kai mu ya baro. In aka zaɓi littafin da ba ya samuwa, ko wanda ƙaramin ma'aikaci ba zai iya saya ba, an riga an yanke cewa ko dai a sata ko a zo zama ba a karanta ba. Duka biyun kuwa muna yi. Kowa ya san masu zuwa da sharhin intanet a baki, su yi ta "lallai marubucin ya yi ƙoƙari" har a tashi.

Don haka kafin a rubuta sunan littafi a jeri, ina roƙon wani ɗan kwamiti ya taka da ƙafarsa ya tabbatar akwai kwafin da zai ishe mu, a farashin da mai matakin albashi na bakwai zai iya ɗauka ba tare da ya yi wa maigida ko uwargida dogon bayani ba. Tunda masana'antun takarda na Jebba da Iwopin da Oku Iboku suka durƙushe, ko littafin gida ma tsada yake, amma dai kuɗinsa na komawa aljihun marubucin da za ka iya kira a waya, da maɗaba'ar da ke ɗaukar yaran unguwa aiki. In na waje ne ya zama dole, zaure ya haɗa kuɗi a sayi kwafi uku ko huɗu tun da wuri, su zagaya hannu-hannu, daga baya a ba ɗaya daga laburarenmu. Aikinmu ke nan ai, ba da aro.

Kada a ce na ce a kori Turanci. Ni kaina ina son mu riƙa karanta biyu ko uku na waje a shekara, musamman waɗanda suka shafi sana'ar kanta, yadda ake adana takardu a ƙasa mai zafi da ƙura, da haƙƙin mallaka, da yadda ƙananan kamfanonin ɗab'i ke rayuwa a ƙasashe masu harsuna da yawa irin tamu. Ko hikayar waje ce, a karanta ta da tambayar da ta dace da mu: wannan ya cancanci a fassara shi zuwa Hausa ko a'a, kuma wa zai saya? Abin da nake nema shi ne rabin jerin ya zama na Hausa, kuma a cikin rabin nan tsofaffin da muka haddace kada su wuce ɗaya.

Akwai kuma maganar da kunya ke hana mu faɗa. Sau biyu a 'yan shekarun nan littafin da aka zaɓa na kamfanin wani ɗan kwamiti ne, ba a kuma sanar ba sai da muka buɗe shafin farko muka ga tambari. Ba haramun ba ne, wataƙila ma littafin ya cancanta. Amma mai kaya ya faɗa da bakinsa tun farko, ya fita waje a yi zaɓen ba ya nan. Haka al'adar gayyato marubuci ya zauna a tsakiyarmu tun daga bismilla har fatiha. Mu Hausawa ne, wa zai dubi idon baƙo, wataƙila ma sa'an mahaifinsa, ya ce masa babi na huɗu ya yi kwana? Sai a yi ta "Allah ya ƙara basira" har lemo ya ƙare. In za a gayyace shi, a ba mu awa ɗaya mu kaɗai mu faɗi gaskiyarmu, sannan ya shigo, Hajiya Sakatariya ta miƙa masa tambayoyin a dunƙule ba tare da an ce wane ne ya faɗa ba.

Wani abin da jerin ya manta shi ne, ba duk karatun Bahaushe ne na ido ba, ba kuma duka ne na boko ba. Watan azumi, da kullum kwamiti ke rasa yadda zai yi da shi, ko a soke zaman ko a bar mu da ƙaton littafin da ba mai buɗewa, me zai hana a ba shi waƙa? A ɗauko Imfiraji ta Aliyu Namangi, a samu mai murya ya rera mana kamar yadda aka san ta, mu ji abin da takarda ba ta iya ɗauka. Ko a kawo waƙa ɗaya cikin ajami, irin bugun da ake shimfiɗawa a Kurmi da ƙofar masallatan Juma'a, mu gwada karantawa tare. Zan fara tona kaina: ajamina na makarantar allo ne, ina tafe ina tuntuɓe, kuma irin waɗannan takardu in sun zo teburina nakan ajiye su gefe da sunan "sai an samu masani". Mu da ke tinƙaho da zauren karatu, mu tuna Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta riga mu da nisa. Jajis ɗinta, wato jagororin ƙungiyar mata ɗalibanta ta 'Yan Taru, kan zo daga ƙauyuka su karɓi waƙoƙin da ta tsara, su koma su koyar da matan da ba za su iya zuwa ba. Ta san su wa za su saurara, ta san lokacin da suke da shi tsakanin daka da ɗiban ruwa, sai ta auna abin da za ta ba su da wannan mudun.

A sa mana littafi ɗaya daga Nijar. Maraɗi ta fi Legas kusa da mu, amma na fi sanin abin da ake bugawa a Legas. Ko bambancin rubutun kaɗai, yadda suke sa ƴ inda muke sa 'y, da kalmomin Faransanci da suka narke a Hausarsu, abin tattaunawa ne ga mai ɗab'in da ke son kayansa su tsallaka iyaka, balle yanzu da ƙasar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025. A sa kuma na yara guda, mai hotuna, mu manya mu zauna mu karanta shi da ƙarfi. A nan ne za mu gane dalilin da sashen yara na laburarenmu ke cike da kyautar ƙasashen waje masu hoton tuffa da jirgin ƙasa.

Ba sai kwamiti ya wahala wajen nemo sunaye ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku tambayi ƙananan ma'aikatan da ke zama a teburin gaba, su ne ke jin abin da ake nema a ce babu. Da za a ba su littafin rubutu su riƙa ajiye irin waɗannan buƙatu, da wata uku ya isa ku samu jerin shekara biyu. Ku tambayi dillalan Sabon Gari abin da ke tafiya da abin da ke kwantai. Akwai sauran 'yan haya a cikin gari, wasunsu sun fi mu sanin wane littafi ne ya fara fitowa, da launin bangon bugunsa na farko. A gayyato ɗaya ya zauna da mu, a ba shi kujera ba tabarma ba.

Ni kuma ga nawa alkawarin, don kada a ce mai faɗa ba ta ɗauki komai ba. Duk littafin Hausa da zaure ya karanta, zan rubuta masa cikakken bayanin katalogi, in bi marubucin ko magadansa in samo shekarar bugu in babu, in raba wa duk laburaren da ke da wakili a cikinmu, don kada kowa ya sake fakewa da cewa ba ya shiga tsari. In na intanet ne, zan nemi izinin mai shi a buga kwafi ɗaya a ɗinke a ajiye.

Kwalin nan da na ce na tura ƙarƙashin tebur, na jawo shi makon jiya na kakkaɓe. Littattafai arba'in da 'yan kai ne a ciki, ɓera ya taɓa uku. Zan zo da shi zama mai zuwa in Allah ya kai mu. Ina roƙon Hajiya Sakatariya ta ba ni minti goma sha biyar a ajanda, kafin a kawo abinci, don bayan an ci ba mai sauraron kowa. In na yi kaushin harshe a wani wuri, Malam, a yafe mini, 'yarku ce.

Wassalam.

Taku,
Ma'aikaciyar sashen katalogi, mai zama a kujerar kusa da taga.